Me gwamnati take bincika a kan lafiyar ma'aikata, kuma ana iya dogara da alƙalumanta?

Wani ɗan'uwa da aka ɗora wa alhakin kula da kariyar ma'aikata a masana'antar da yake aiki ya aiko da tambaya. Ya ce duk takardar da ya buɗe sai ya tarar an rubuta cewa hukuma kaza ta gwamnati ta yi bincike ta gano kaza, alhali shi a ganinsa kariya a wurin aiki abu ne na hankali kawai: ka sa hular kwano, ka sa takunkumi, ka yi hattara. To mene ne ake ta bincike a kai shekara da shekaru? Me ya sa sai gwamnati? Kuma idan ya bi alƙaluman da suke fitarwa, ya sauke nauyi ke nan?

Malam, Allah ya taya ka riƙo. Aikin da aka ba ka rayukan mutane ne, kuma na ji daɗi da ka yi tambayar tun da wuri. Awon ƙura da ƙara da sinadarai a wuraren aiki shi ne sana'ata, don haka daga can zan amsa maka.

Hankali yana kama abin da ido ya gani. Tsani ya karye, bel ɗin inji ya fizgi hannu, wayar lantarki a buɗe: waɗannan ba sa buƙatar ɗakin gwaje-gwaje kafin mutum ya san haɗari ne. Matsalar ita ce ba su ne suka fi kashe ma'aikata ba. Ƙiyasin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta fitar a 2023 ya nuna kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar aikinsu. A cikinsu kimanin 330,000 ne haɗari ya kashe. Sauran, wajen miliyan 2.6, cuta ce: ciwon zuciya, sankara, cututtukan huhu. Wato duk mutum ɗaya da ya faɗo daga gini ya mutu, akwai kusan takwas da suka mutu a kan gadonsu, da yawansu bayan sun daɗe da barin aiki, kuma ba wanda ya rubuta sunan masana'anta a takardar mutuwarsu. Binciken da kake tambaya a kai, mafi yawansa domin waɗannan takwas ɗin ake yin sa.

Ɗauki asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da wuta ba ta ci, wanda aka daɗe ana sa shi a rufi da kayan gini. Mutum ya shaƙi ƙurarsa yana ɗan shekara ashirin da biyar, ba tari, ba ciwon kai, ba komai. Sai bayan shekara talatin ko arba'in sankarar fatar huhu ta bayyana. A lokacin ya canza aiki sau uku, mai yiwuwa kamfanin ma ya rushe. Likitan da ya duba shi mutum ɗaya ya gani, zai ce ƙaddara, kuma ba laifinsa ba ne. Sai wanda ya tara ɗaruruwan irinsa a takarda guda, ya jera su bisa aikin da suka yi da tsawon shekarun da suka yi a ciki, shi ne zai ga abin da ke faruwa. Haka aka yi a Birtaniya a 1930. Wani likitan sufetocin masana'antu, Merewether, da abokin aikinsa injiniya, Price, suka duba ma'aikatan masaƙar asbestos 363. Suka tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu huhunsu ya riga ya lalace, kuma a cikin waɗanda suka yi shekara ashirin ko fiye, mutum huɗu cikin biyar. Shekara guda bayan nan aka kafa dokar farko ta rage ƙurar. A 1955 Richard Doll ya tabbatar da alaƙarsa da sankarar huhu. Duk da haka sai a 1999 Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya, kuma har yau kimanin mutum 5,000 ke mutuwa a can duk shekara saboda ƙurar da suka shaƙa tun tuni. Riƙe wannan tazarar a ranka, za mu dawo kanta.

Me ya sa sai gwamnati? Domin aikin yana buƙatar abubuwan da ba kowa ke da su ba. Yana buƙatar ikon shiga masana'anta ko mai ita ya so ko bai so ba, a ga kundin ma'aikata, a ɗebi iskar wurin. Yana buƙatar haƙurin bin mutane shekara talatin, alhali malamin jami'a kuɗin bincikensa na shekara uku ne ko biyar, kuma idan mai kamfani ya rufe masa ƙofa shi ke nan. Sannan yana buƙatar wanda ba shi da riba ko asara a sakamakon. Ba ina cewa masu kamfani miyagu ba ne, na yi aiki da da yawa masu tsoron Allah, waɗanda suka kashe kuɗi fiye da abin da doka ta nema. Amma ba a ba kura ajiyar nama. Shari'o'in da aka yi a Amurka sun fito da takardun da suka nuna wasu manyan kamfanonin asbestos sun san illarsa tun shekarun 1930, suka ɓoye wa ma'aikatansu. Ko kamfanin kirki ma, idan ya gano maganin wata matsala, ba dole ba ne ya raba wa abokan gasarsa. Abin da hukumar gwamnati ta gano kuwa ana buga shi kowa ya ɗauka kyauta, har ƙaramin mai walda da ba zai taɓa iya ɗaukar injiniya ba.

Yawancin waɗannan hukumomi bayan asarar rayuka aka kafa su. A Disambar 1907 ramin kwal ya fashe a Monongah da ke jihar West Virginia, mutum 362 suka mutu a lissafin hukuma, kuma a 1910 Amurka ta kafa hukumar binciken ma'adinai. A 1968 wani ramin ya sake fashewa a Farmington, mutum 78 suka tafi, sai dokar lafiyar mahaƙa kwal ta 1969 ta biyo baya. A ƙarshen 1970 aka sa hannu kan babbar dokar da ta haifi hukumomi biyu, kuma ya kamata ka bambance su don za ka riƙa cin karo da sunayensu. OSHA tana ƙarƙashin ma'aikatar ƙwadago, ita ke kafa doka, ta aika sufeto, ta ci tara. NIOSH tana ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, aikinta bincike da ba da shawara, ba ta cin kowa tara. Da gangan aka raba su, don kada mai bincike ya riƙa lissafin abin da za a iya tilastawa kafin ya faɗi abin da ya gani. Birtaniya ta bi wata hanyar: dokarta ta 1974 ta haifar da hukumar HSE, wadda ta haɗa bincike da tilastawa, tana da katafaren wurin gwaji a Buxton inda ake tayar da gobara da fashewa da gangan don a ga yadda suke faruwa. Faransa tana da cibiyar irin wannan bincike mai suna INRS, Jamus tana da tata, BAuA, Finland tana da cibiyarta tun 1945. A birnin Lyon kuma akwai IARC, reshen Hukumar Lafiya ta Duniya mai tantance abubuwan da ke haddasa sankara.

Bari in kai ka cikin aikin, don ka ga daga ina lambobin suke fitowa.

Da safe kafin a tayar da injina, za ka ɗaura wa ma'aikaci wani ɗan famfo a ɗamararsa, girmansa bai wuce tafin hannu ba. Siririn tiyo ya bi ta bayansa ya hau kafaɗa, a maƙale bakinsa a wuyan riga, daidai inda yake shaƙar iska. A bakin tiyon akwai wata 'yar na'ura mai juya iska, tana watsar da manyan ƙwayoyin ƙura, ta bar ƙananan su sauka a kan wata farar matata mai faɗin kwabo. Famfon yana zuƙar iska wajen lita biyu a minti, tun daga fara aiki har tashi. An auna nauyin matatar kafin a fito da ita, za a sake aunawa idan an koma, a kan sikelin da numfashinka kaɗai yana iya karkata shi. Daga nan a haska ta da na'ura a ga nawa ne silika a ciki, wato sinadarin da ke cikin yashi da dutse wanda ke sa huhu ya taurare. Iyakar da NIOSH ta ba da shawara ita ce maikirogiram 50 a kowace mita kubik ta iska, shi kuwa maikirogiram ɗaya, giram ne aka raba gida miliyan. Ka ga ke nan abin da ke kashe mutum bai kai abin da ido zai gani ba.

Na taɓa shiga wani wurin yankan dutse da aka share tas saboda zuwanmu. Shugaban ma'aikatan ya ce da ni, "Malam, duba da kanka, ko ƙura ɗaya babu." Gaskiyarsa, iskar wurin garau take. Na roƙi a rufe ƙofa a rage haske, na kunna wata fitila mai ƙarfi daga bayan mai yankan, na ce shugaban ya tsaya ta gaba ya kare idonsa daga kan fitilar. Da aka ɗora ƙarfe a kan dutsen sai ga wani farin hazo ya turnuƙe fuskar mutumin, yana bin numfashinsa, yana shiga ta gefen takunkumin da gemu ya ɗaga. Shugaban ya yi shiru can, sannan ya ce, "Shekara goma sha ɗaya yana tsaye a nan." Ƙurar da kake gani da ido, hanci da maƙogwaro suna tare yawancinta. Wadda ke kaiwa can ƙasan huhu ta fi gashin kai siranta sau goma ko fiye, kuma tana iya yin sa'o'i tana shawagi bayan an kashe inji.

Awo rabin aikin ne. Ɗaya rabin shi ne bin mutane. Ana ɗauko kundin duk wanda ya taɓa aiki a wasu masana'antu, dubban mutane, a ƙiyasta abin da kowannensu ya shaƙa bisa sashen da ya zauna da shekarun da ya yi, sannan a bi sawu a ga wa ya mutu, yaushe, da wace cuta. A nan akwai wani tarko da nake so ka sani, don za a kafa maka hujja da shi wata rana. Idan ka kwatanta ma'aikatan masana'anta da sauran jama'ar gari, sau da yawa za ka ga ma'aikatan sun fi lafiya. Sai mai kamfani ya ce, ka gani, aikinmu ba ya cutar da kowa. Abin da ya faru shi ne tun wajen ɗauka masu ƙarfi aka zaɓa, kuma duk wanda ƙirjinsa ya fara damunsa ya ajiye aiki ya tafi gida, ba ya cikin waɗanda ka tarar ka auna. Waɗanda suka rage su ne waɗanda jikinsu ya jure. Shi ya sa mai bincike na gaske yake kwatanta ma'aikaci da ma'aikaci, wanda ya shaƙa da yawa da wanda ya shaƙa kaɗan, kuma yake neman waɗanda suka bar aiki har inda suke.

Binciken hayaƙin dizal misali ne mai kyau na irin wahalar. NIOSH da cibiyar binciken sankara ta Amurka sun bi mahaƙa 12,315 a ramuka takwas. Da gangan suka zaɓi ramukan gishiri da farar ƙasa da makamantansu, inda babu silika ko asbestos ko iskar radon mai yawa, don kada a ce wani abin ne ya jawo cutar. Suka yi lissafin masu shan taba. Masu ramukan suka yi ta kai su kotu, aikin ya ɗauki kusan shekara ashirin. Da sakamakon ya fito a 2012, ya nuna sankarar huhu tana ƙaruwa gwargwadon hayaƙin da mutum ya shaƙa, kuma a watan Yunin shekarar IARC ta sa hayaƙin dizal a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara. Hayaƙin walda ya shiga sahun a 2017. Duk makanikin da ke tayar da babbar mota a rufaffen gareji, wannan binciken nasa ne, ko da bai taɓa jin labarinsa ba.

Wani lokaci kuma abin da sauri yake zuwa. A shekarar 2000 wani likita a jihar Missouri ya lura da mutum takwas masu wata cutar huhu da ba a cika gani ba, wadda ke toshe ƙananan hanyoyin iska kuma ba ta warkewa. Dukkansu sun yi aiki a masana'anta guda ta sarrafa gugguru. Ya sanar da hukumar lafiyar jihar, ita kuma ta kira NIOSH. Wa zai zaci wurin da ke ƙamshin man shanu yana da haɗari? Masu binciken suka gwada numfashin ma'aikata 117 da ke bakin aiki, suka tarar toshewar numfashi a cikinsu ta ninka ta sauran jama'a fiye da sau uku, a cikin waɗanda ba su taɓa shan taba ba kuwa kusan sau goma sha ɗaya. Suka auna iskar kowane sashe, sai cutar ta bi sawun wani sinadarin ƙamshi mai suna dayasetil, wanda ya fi yawa a ɗakin da ake dama shi da mai mai zafi. Sinadarin nan an amince a ci shi a abinci, ba wanda ya taɓa tambayar me zai faru idan an shaƙi tururinsa awa takwas kullum. Ciki da huhu ba ɗaya ba ne. Aka killace ɗakin haɗin, aka sa na'urar zuƙe tururi, yawan sinadarin a iska ya faɗi ƙasa warwas. Wani abin da nake so a tsarin Amurka shi ne ma'aikata uku kacal suna iya rubuta wa NIOSH su nemi a zo a duba wurin aikinsu, kyauta, kuma a ɓoye sunayensu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma bincike da yawa daga irin wannan ƙorafin ya faro.

Yanzu ga ainihin tambayarka: idan ka bi lambar, ka sauke nauyi?

Sai ka fara tambaya, lambar wa? Akwai lambar mai bincike, akwai lambar doka, kuma sau da yawa sun sha bamban. Mai bincike yana duban jikin ɗan Adam. Mai kafa doka yana duban jikin, yana duban kuɗin da gyaran zai ci, yana duban abin da kotu za ta yarda da shi da matsin lambar masu masana'antu. Waccan iyakar silika ta maikirogiram 50, NIOSH ta ba da shawararta tun 1974. Sai a 2016 OSHA ta mayar da ita doka. Shekara arba'in da biyu. Kuma illar silika ba sabon labari ba ce ko a lokacin: tun farkon shekarun 1930, wajen haƙa ramin ruwa na Hawks Nest a Amurka, an sa ma'aikata, akasarinsu baƙaƙen fata, huda dutse a bushe ba tare da yayyafa ruwa ba, kuma ƙiyasin da aka fi ambata ya ce aƙalla 764 suka mutu cikin 'yan shekaru. Yawancin iyakokin sinadarai na OSHA tun 1971 suke, ta yi yunƙurin sabunta ɗaruruwansu a 1989, kotu ta soke a 1992, kuma hukumar da bakinta tana cewa da yawansu sun tsufa. Shi kansa dayasetil, NIOSH ta ba da shawarar kashi 5 cikin biliyan a 2016, amma OSHA ba ta kafa masa iyaka ta musamman ba.

A kan ƙara bambancin ya fi fitowa fili. Ƙarfin sauti da desibel ake auna shi. NIOSH ta ce desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 sai a raba lokacin biyu, saboda ƙarfin sautin ya ninka: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya. Dokar OSHA ta ce 90 na awa takwas, kuma sai an ƙara 5 ake rabawa. Idan injinka yana ƙarar desibel 100, doka ta yarda mutum ya tsaya awa biyu, mai bincike ya ce minti goma sha biyar. A lissafin NIOSH, idan mutum ɗari suka yi shekara arba'in a desibel 90, kimanin 25 za su sami nakasar ji saboda aikin. A 85 kimanin 8. Ka lura, ko a lambar mai binciken ba sifili ba ne. Kurmancin inji kuwa a hankali yake zuwa, yana fara cin siraran sautuka. Mutum yana jin ana magana amma ba ya rarrabe kalmomi idan akwai hayaniya, yana ƙure rediyo, iyalinsa suna cewa ba ya sauraro. Kafin ya yarda ya je gwaji, abin da ya tafi ba ya dawowa.

Don haka amsata ita ce a'a. Lambar doka ita ce mafi ƙarancin abin da za ka yi don kada a hukunta ka. Idan ka ga lambobi biyu, ɗauki wadda ta fi tsanani. Idan abin mai haddasa sankara ne, ka yi ta ragewa iya ƙarfinka, don ba a san wani adadi da za a ce babu haɗari ko kaɗan a ƙarƙashinsa ba. Sannan ka sani an gina yawancin iyakokin nan a kan awa takwas a rana, awa arba'in a mako. Idan mutanenka suna yin awa sha biyu, kwana shida, sun shaƙi fiye da abin da aka lissafa kuma jikinsu bai sami hutun fitar da shi ba. Wanda ke aikin ƙarfi cikin zafi yana zuƙar iska ninkin ta wanda ke zaune, ƙurar da ke shiga huhunsa ma haka. Su kansu dogayen sa'o'in cuta ne: ƙiyasin haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da ILO ya ce a 2016 mutum 745,000 suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda aikin awa 55 ko fiye a mako.

Ka ambaci hular kwano da takunkumi. Babban darasin da shekaru ɗari na binciken nan suka koyar shi ne waɗannan su ne na ƙarshe a layi. Abin da ya fi shi ne a kawar da haɗarin ɗungurungum, ko a musanya shi da abin da bai kai shi illa ba. In hakan ya gagara, a tare shi daga tushe: ruwa a bakin ƙarfen yanka, murfi a kan inji, na'urar zuƙa dab da inda hayaƙin ke tashi. Sannan a gyara tsarin aiki. Sai abin da ya rage takunkumi ya tare. Dalili kuwa, ruwan da ke zuba a kan dutse yana kare kowa a ɗakin ba tare da ya jira kowa ya tuna ba, shi kuwa takunkumi sai ya dace da fuska, sai an aske gemu a inda yake zama, sai an canza shi a kan lokaci, kuma sai mutum ya jure shi cikin gumi har yamma. Takunkumin N95 da kowa ya sani, NIOSH ce ke gwada shi ta ba shi shaida, kuma lambar tana nufin yana tace aƙalla kashi 95 cikin ɗari na ƙananan ƙwayoyin da aka gwada shi da su. Wannan a kan na'urar gwaji ne. A fuskar da ya bar wa kafa a gefen hanci, iska ta kafar za ta bi. Kuma ba ya tare tururin fenti ko na sinadaran narkarwa ko kaɗan, kuskuren da nake gani kusan duk inda na shiga. Dubi abin da Sweden ta yi da tarakta: maimakon ta tsaya ga yi wa manoma wa'azin tuƙi a hankali, a 1959 ta wajabta ƙarfen kariya a saman kowace sabuwar tarakta, mutuwar da kifewa ke jawowa ta ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari. Tun ran gini tun ran zane.

Kana iya cewa, to ai an riga an gano duk wannan, me ya rage? Aiki yana canzawa, haɗarin ma yana canza kama. Tun 1911 hukumar ma'adinan Amurka ta nuna a ramin gwajinta na Bruceton cewa ƙurar kwal ita kaɗai tana fashewa ko babu iskar gas, aka koyi watsa garin farar ƙasa don kashe ƙarfinta. Bayan kusan shekara ɗari NIOSH ta gano injinan zamani suna fitar da ƙura mai laushi fiye da ta da, tsohon ma'aunin bai isa ba, sai a 2010 aka ɗaga yawan abin da ba ya kama wuta da ake buƙata a cikin ƙurar ramin daga kashi 65 zuwa 80 cikin ɗari. Cutar baƙin huhu ta mahaƙa, wadda aka ɗauka an ci ƙarfinta, ta dawo: a 2018 hotunan ƙirjin da NIOSH ke ɗauka suka nuna mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda suka yi shekara 25 a ramukan tsakiyar yankin Appalachia na Amurka yana da ita, galibi saboda kwal ɗin da ya rage siriri ne, sai an haɗa da dutse ake yanko shi. Ga kuma dutsen da ake haɗawa a masana'anta don teburin kicin, wanda silikar cikinsa kan wuce kashi 90 cikin ɗari, ya riƙa lalata huhun samari 'yan shekara talatin cikin 'yan shekaru kaɗan. Ostareliya ta bi diddigi, ta haramta shi daga 1 ga Yulin 2024, ita ce ƙasar farko. Ba don akwai masu ƙirga marasa lafiya da albashin gwamnati ba, da har yanzu ana cewa tarin fuka ne. Shi ya sa hankalina ya tashi a Afrilun 2025 da aka ba mafi yawan ma'aikatan NIOSH takardar sallama, ko da yake daga baya an mayar da wasu. Binciken da aka yi shekara ashirin ana bi, idan ya yanke, ba a ɗinke shi da sauƙi, kuma ƙasashe da yawa da ba su da irin wannan cibiya da sakamakonta suke aiki.

Akwai giɓin da ya fi damuna. Binciken yana bin takarda, wato yana ganin wanda ke da lambar ma'aikaci da kundi. Alhali a ƙididdigar ILO kimanin kashi 60 cikin ɗari na masu aiki a duniya ba su cikin kowane kundi: masu fasa dutse, masu narka batir, 'yan aikin gona, masu aikatau a gidaje, 'yan kwangilar yini. Su ne suka fi shaƙa, su ne ba a ƙirgawa. Idan a masana'antarku akwai 'yan kwangila da ake kira don wanke tanki ko share ƙurar rufi, sa su a lissafinka tun yau, don aikin da ya fi muni galibi su ake ba.

Ga inda zan so ka fara ranar Litinin. Zagaya da littafi ka rubuta duk sinadarin da ke shigowa, ka nemi takardar bayanin haɗarinsa daga wanda ya sayar muku, haƙƙinku ne. Duba sunan kowanne a ɗan littafin sinadarai na NIOSH ko jerin iyakokin HSE, duka suna intanet kyauta, sannan ka duba abin da dokar ƙasarku ta ce. Tsaya kusa da kowane inji da abokin aiki, tazarar hannu guda: idan sai kun ɗaga murya kuke jin juna, ƙarar ta kai wajen 85, a kawo ma'auni. Zauna da tsofaffin ma'aikata ka tambaye su wa ya bar aiki saboda ƙirji ko fata ko kunne, kuma a wane sashe yake. Duk awon da aka yi, rubuta rana da sunan wanda aka ɗaura wa famfon da aikin da yake yi, ka adana a inda ba zai ɓata ba ko bayan ka bar wurin. A Birtaniya doka ta ce irin wannan kundin na lafiyar ma'aikaci shekara arba'in ake ajiye shi. Idan ka gama zagayen, aiko min da jerin sinadaran da irin injinan da kuke da su, mu duba wanda ya kamata a fara aunawa.